Gawon Auta

A bayan babbar kasuwar Maraɗi, cikin wani lungu da masu amalanke suka fi kowa sani, akwai wani dattijo da jama'a ke kira Malamin Daji, ko da yake ya fi shekara goma da tuɓe kakin aiki. Shekara talatin da ƴan kai ya yi yana tsaron itatuwan gwamnati, daga Dakoro zuwa Madarunfa, daga Tawa zuwa Mirya, kuma har gobe in ya ratsa ta wurin masu sai da iccen girki sai a rage murya. A kakar 2022 ƙanensa, wanda gida ke kira Auta, ya rasu a ƙauyensu da ke arewacin Agye. Ba a daɗe da yin sadakar arba'in ba sai ga manzon wani Alhaji ya zo da goro da gaisuwar ta'aziyya, a bayan gaisuwar kuma da magana. Alhaji yana son rabon Malamin Daji na gonar gado, kuɗi hannu, kuma farashin da aka faɗa ya fi kuɗin fanshonsa na shekaru da dama. Dattijon ya ce a ba shi lokaci. Da dare ya kasa barci, domin ya san abin da manzon bai sani ba: gonar nan da ake tayawa yau, shekara 40 da suka wuce ko kyauta aka ba Alhaji ba zai karɓa ba.

Gonar jigawa ce ta ubansu, kimanin hekta 4. Su biyu ne maza. Ƴan'uwansu mata an fitar musu da rabonsu tuntuni a wani wuri, ita kuwa wannan ba a taɓa ja mata iyaka a tsakiya ba, saboda wan yana aikin gwamnati, ƙanen yana noma, babu wanda ya ga dalilin ta da maganar. Lokacin da suke yara, cikin shekarun 1960, ubansu yakan noma gefe guda ya bar ɗaya gefen ya huta shekara biyar ko shida, har sabara da kalgo su rufe shi. Bayan girbi Fulani su sauka da shanunsu su kwana a kan kara, a ba su hatsi, su bar taki. Daga nan gujiya ta shigo da ƙarfinta. Da ita ake biyan haraji, da ita ake aure, da ita aka gina manyan gidajen Maraɗi. Tare da ita aka kawo garmar shanu, wadda ba ta shiri da kututture, malaman gona kuma suka yi ta koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne wanda in ka tsaya a wannan iyaka za ka hangi waccan babu abin da ya tare maka ido. Jama'a kuwa sai ƙaruwa take. Ƴan Nijar sun ɗan haura miliyan 3 a 1960, ƙidayar 1988 ta same su sun wuce miliyan 7. Gonar da ke ciyar da mutum goma ta koma ciyar da ashirin, hutu ya ƙare mata.

Mai karatu da ya tashi a ƙauye ya san yadda ƙasa ke mutuwa, domin ba rana ɗaya take yi ba. Kafin damana a yi sassabe, a tara a ƙone. Bayan girbi a kwashe kara kaf, na darni da na dabbobi da na murhu, tunda iccen ya yi nisa. Gona ta kwana tsirara wata takwas, rana ta gasa ta, iskar hunturu ta ɗebe ƙasar sama mai laushi wadda ita ce ke riƙe abincin shuka. In ruwan farko ya sauka aka yi shuka, hatsi ya fito kamar allura, sai guguwar da ke gaban hadari ta taso da rairayi ta yanke shi ko ta binne shi. A sake shuka sau biyu, sau uku, wata shekara sau huɗu, iri ya ƙare, damana ta yi nisa. Inda ƙasar ke da ɗan laka sai ta daskare ta zama faƙo, ruwa ya zuba a kai ya wuce kamar an zuba a kan faranti, ya tafi yana haƙa kwazazzabo. Abin da ya rage na ƙarfin gona kuma ƙuduji ya shanye. Da farin 1973 ya zo, gonar uban Malamin Daji ta riga ta gaji. Rumbun da ke cika har a yi masa ƙari ya koma ba ya kai su watan bakwai.

A cikin wannan hali ne yaron da aka kai lekol ya gama karatunsa, ya shiga aikin daji da zuciya ɗaya, yana ganin shi ne zai tare hamada. Abin da aka ba shi ya yi aiki da shi doka ce mai tsohon asali. Tun ranar 4 ga Yuli 1935 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, bayan samun ƴancin kai kuma dokar 1974 ta bi sawunta. Akwai jerin itatuwan da aka haramta sarewa ko datsewa sai da takardar izini, gawo yana cikinsu, ko da a tsakiyar gonar mutum ya tsiro. Niyyar dokar mai kyau ce, kuma Malamin Daji ya riƙe ta da gaskiya, ba a taɓa jin ya karɓi na goro ya kau da kai ba.

Wata rana da bazara, a farkon shekarun aikinsa, ya tarar da wani tsoho a wani ƙauye mai nisa da nasu ya datse rassan gawo biyu yana ba tumakinsa da yunwa ta kusa kayarwa. Ya fito da littafi ya fara rubutu. Tsohon ya dube shi ya ce: «Ɗana, gawon nan ubana ya bar shi, ni na kare shi daga bakin awaki har ya fi ƙarfinsu. Yaushe ya zama na gwamnati?» Ya ce: «Baba, doka ce, ba ni na yi ta ba.» Ranar kasuwa tsohon ya sai da tunkiya ɗaya ya biya tara. Da ya karɓi takardar shaida ya ninke ta ya sa a hula, ya ce: «To, madalla. Gwamnati ta zo ta yi ta renonsu, ni na gama.» Malamin Daji ya ɗauki maganar a kan fushin tsufa, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Sai da ya je gida hutu ya ji fassararta. Ya iske Auta a gona da hauya, ya ga ya sunkuya ya tuge wani ɗan tsiro mai ƙaya da bai kai taƙi ba, ya jefar. Ya ce: «Kai Auta, me kake yi haka? Gawo ne fa!» Auta ya ce: «Na sani, Yaya, ai shi ya sa. In na bar shi ya kai ƙugu ya zama naku. In na taɓa reshe, tara. In wani ya zo da dare ya sare, ni za a tambaya, tunda a gonata aka ga kututture. Wa zai reni ɗan da in ya girma zai kai shi ƙara?» Wan ya yi faɗa, ya kawo maganar hamada da ƴan baya. Ƙanen ya yi shiru irin na ladabi, ya ci gaba da aikinsa. Malamin Daji yakan ce a ranar ya gane cewa kowane babban icce da ya tsare da littafin tara, ƙanana ɗari ne suka mutu a bakin hauya saboda tsoron littafin. Amma ganewa daban, faɗa wa na sama daban, ya koma bakin aiki bai ce wa kowa komai ba.

Maganin da hukuma ta sani a lokacin shi ne dashe. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, ta zama ranar dashen icce. A reni ƴan itatuwa cikin leda, a ɗauko su a mota, manya su zo da babbar riga su dasa, a yi tafi, a watse. Akwai inda abin ya kama. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE sun tsaya, sun tare iska, manoma sun ga amfaninsu. Amma a mafi yawan wuraren da Malamin Daji ya dasa da hannunsa, in ya koma da rani sai ya tarar da ramuka da ƴan sanduna. Akuya ta ci, gara ta ci, rana ta ƙarasa saura, domin dashen kowa da kowa ne, babu wanda zai ɗauki tulu ya shayar. A watan Mayu 1984 Shugaba Seyni Kunce ya tara manyan ƙasa a Maraɗi don muhawara a kan gurgusowar hamada, aka fito da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi. A wannan shekara kuma ruwa ya ƙi, Nijeriya ta rufe iyaka, aka shiga yunwar da mutanen yankin suka sa wa suna El-Buhari. Ubansu ya rasu a cikinta. Auta ya girbe abin da bai cika amalanke ɗaya ba daga hekta 4.

Abin da ya juya labarin gonar, a ƙarƙashinta yake tun farko. Wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aikin gona da mishan ta SIM a Maraɗi, ya sha wahalar dashe kamar kowa har ya kusa fid da rai. A 1983 ya lura cewa ƴan kurmin da ke fitowa ko'ina a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara, tohon manyan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu tana nan da rai, ta yi zurfi, ta san hanyar ruwa. Ba sa bukatar leda ko tulu. Abin da suke bukata shi ne manomi ya duba kututture, ya zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, ɗaya zuwa biyar, ya cire saura, ya datse ƙananan rassa na ƙasa da wuƙa mai kaifi yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, ya ɗaura ƙyalle don kowa ya san da mai shi. Tsofaffi da yawa sun san haka tun da, tsoro da kunyar a ce musu ragwaye ne suka sa aka bari. Aka sa wa abin suna sassaben zamani. Cikin yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100: wanda ya bar itatuwa a gonarsa ya sami hatsi. Da rabon ya ƙare, fiye da rabin itatuwan aka sare su. Amma waɗansu manoma sun riga sun ga abin da suka gani, suka ƙi sarewa.

Auta bai shiga cikin rabon ba, a gonar wani abokinsa ya gani a hanyar kasuwa, gani kuwa ya kori ji. Ya fara da sabara da kalgo, domin su babu wanda ke tara a kansu. Maƙwabta suka yi ta dariya, suna cewa ɗan'uwan ma'aikaci ya zama malalaci, ko sassabe ya gagare shi. A shekara ta biyu ya lura cewa a bayan kowace sabara rairayi da ganye suna taruwa, kuma hatsin da ke wurin bai bukaci a sake shuka shi ba. A ta uku matarsa ta daina tafiyar rabin yini neman iccen girki, abin da aka datse a gona ya ishe ta har ta sai da saura. Sai ya zo ga gawo. Kowane manomi ya san halin gawo, iccen da ke saɓa wa sauran itatuwa: da damana ya zubar da ganye, inuwarsa ba ta danne hatsi, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani ya yi kore shar, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa su ci ƴaƴansa su bar kashi, a cikin kashin kuma da irin wani gawon. Masana sun ƙara da cewa saiwarsa tana ɗaukar sinadarin da ke cikin iska ta mai da shi abincin ƙasa, kamar yadda wake ke yi. Auta ya jira wansa ya zo, ya kai shi gona ya nuna masa ƴan gawo bakwai da ya kewaye da ƙaya. Ya ce: «Yaya, na bar su. Amma ka faɗa mini gaskiya, nawa ne ko naku?» Malamin Daji ya daɗe bai amsa ba, domin a takarda amsar ba ta canza ba. Daga baya ya ce: «Rene su. In an zo, ka ce a tambaye ni.»

Ba a zo ba. Bayan rasuwar Kunce a 1987, da Taron Ƙasa na 1991, hannun hukuma ya yi sauƙi a karkara, wani ɓangare da niyya, wani ɓangare don babu man da za a zuba a babur. A wurare da dama ma'aikatan daji da kansu suka yarda su sassauta, suka koma masu ba da shawara. Dokar tsarin karkara ta Maris 1993 ta amince da haƙƙin gado na gargajiya a kan gona, dokar daji ta 2004 ta ƙara buɗe ƙofa, sai a ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fito da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya rena a gonarsa. Takarda ta biyo bayan manoma da shekara talatin. Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990 ba su manta da watannin da albashi ke maƙalewa ba, ga karyewar darajar sefa a Janairu 1994 da ta ɗaga farashin kaya. A wannan zamani, kowace kaka sai motar kasuwa ta sauke buhun hatsi biyu da ɗaurin icce a ƙofar Malamin Daji, saƙo daga ƙauye. Yaransa suka ci tuwon da aka dafa da rassan da, in da a kan dokar da ya yi wa rantsuwa ne, tara ce ta hau kansu. Bai taɓa tambayar wane icce ne ba, Auta kuma bai taɓa faɗa ba.

Da fara da ƙarancin ruwa suka haɗu a 2004, yunwar 2005 ta girgiza jihar Maraɗi. Gidan Auta ma ya ji jiki, hatsi ya ƙare kafin shuka. Amma ya sai da icce da ƴaƴan gawo ya sayi tiya-tiya, iyalinsa suka haɗa da ganye da ƴaƴan aduwa da magarya, bai sai da saniyar noma ba, bai jinginar da gona ba, babu ɗansa da ya tafi. Icce ya zama rumbu na biyu, wanda fara ba ta cinye shi a dare ɗaya. A cikin waɗannan shekaru ne masu bincike, cikinsu har da Mahamane Larwanou ɗan Nijar da Chris Reij da Gray Tappan, suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na bayan 2000, suka tarar da abin da babu ofishin da ya lissafa. Sun ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar sun sake yin itatuwa, wajen miliyan 200, mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Wani babban rabo na wannan yana yankin Magarya da Matamai da Mirya, inda gawo ke da tsohuwar daraja, tun zamanin da ake ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun yana hukunta mai sare shi hukunci mai tsanani, kuma inda babu wani furoje da ya bi gona-gona. A Adar, inda ƙasar faƙo ce da duwatsu, hanyar ta bambanta. Manoman Illela da aka kai Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun dawo da dabarar tassa: a haƙa ƴan ramuka da rani, a zuba taki, gara ta ja shi ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya, a shuka a ciki. Faƙon da ake bari ga iska ya koma abin saye da sayarwa. A Keita kuwa, tun 1984, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera don tare ruwa. A 2018 aka ba Rinaudo da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina da ya raya dabarar ramukan, wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama da hamada. Inda aka tuge saiwa da garma ko tarakta, babu abin da zai toho, sai an koma ga wahalar dashe. Ɓarayin icce suna nan, domin Maraɗi da Damagaram da Yamai har yanzu da icce suke girki, shi ya sa ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da makiyaya. Makiyayin da ya saba datsar gawo a hanya yanzu yana tarar da mai shi a tsaye, in babu sulhu sai rigima. Icce kuma ba ya ƙara wa gona faɗi. Ƙidayar 2012 ta sami mutane sama da miliyan 17 a ƙasar, sama da miliyan 3 a jihar Maraɗi kaɗai, gonar gado tana ta tsagewa har ta kai wani rabonsa bai wuce shimfiɗar tabarma goma ba. Wanda ya rasa yadda zai yi ya sayar, masu saye kuwa sanannu ne: ƴan kasuwa da ma'aikata na birni. A cikinsu akwai masu riƙon amana. Akwai kuma wanda abin da yake fara yi shi ne ya kira masu gatari, ya mai da rabin kuɗinsa daga iccen, ya sa tarakta ta baje saura, ya ɗauki ƴan ƙwadago waɗanda ba su da dalilin sunkuyawa don wani ɗan tsiro mai ƙaya.

Wannan ne ya hana Malamin Daji barci. Babban ɗansa, wanda ya gama jami'a ya shekara huɗu babu aiki, ya ce: «Baba, haƙƙinka ne na gado, ba ka ci na kowa ba. Da kuɗin nan zan buɗe shago, a gyara rufin gidan nan, a yi wa ƙannena aure.» Babu ƙarya a maganarsa. Dattijon ya shiga mota ya tafi ƙauye, ya zaga gonar shi kaɗai da sassafe yana ƙirge, kamar yadda ya saba a bakin aiki. Gawo 41, ban da aduwa da magarya da kalgo da sabara, da kuka biyu da Auta ya dasa don miya. In aka ja igiya a tsakiya, bakwai na farko, waɗanda yanzu mutum ɗaya ba ya iya rungumarsu, a gefensa za su faɗa. Da ya dawo gida matar marigayin ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta ce: «Yaya, mun ji maganar da ake yi. Ba mu da bakin hana ka naka. Roƙona ɗaya, in za a sare su a bari sai na tafi gidanmu, kada in ji ƙarar gatarin.»

Ya fara tunanin ya bar wa ɗiyan Auta rabon a matsayin aro, kowa ya huta. Sai ya tuna cewa a al'ada mai aron gona ba ya dasa icce, ba ya kuma sakin jiki ya rena, domin bai san ranar da za a ce ya tashi ba. In ya yi haka, ranar da ya rufe ido ɗiyansa za su zo da igiya, ɗiyan Auta kuwa tun yanzu za su fara yi wa ƴan gawo abin da ubansu ya yi musu a da. Tambayar da Auta ya yi masa a kan bakwai ɗin nan, nawa ne ko naku, ita ce ta dawo, kuma wannan karon amsar tana hannunsa. Ya kira maigari da liman da ƴan kwamitin filaye na ƙauyen, aka zauna a gindin gawo. Ya ware ƙaramin yanki na bakin hanya, inda itatuwa ba su da yawa, ya sayar wa babban ɗan Auta a kan farashin ƴan'uwa, a biya kaka uku, don ɗansa ya sami abin fara sana'a. Sauran ya ba da shi kyauta ga ɗiyan marigayin, maza da mata, aka rubuta, aka sa hannu, aka buga hatimi. Manzon Alhaji ya sami amsarsa cikin ladabi.

Abin bai wuce babu tabo ba. Kuɗin da suka shigo ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na tayin Alhaji ba, rufin gidan Maraɗi har yanzu yana yoyo ta kusurwar gabas, ɗan kuma tebur ya samu a bakin kasuwa maimakon shago, gaisuwarsa da ubansa ta ɗan yi gajarta. Waɗansu abokan aikinsa na da sun ce tsufa ne ya taɓa shi. Shi dai bai yi musu da kowa ba. Abin da yakan faɗa wa duk ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya zo neman shawara kafin ya sayi gona shi ne, ya fara ƙirga kututture kafin ya ƙirga hekta, kuma wanda zai sa ya yi masa noma ya yanka masa rabo sananne a cikin iccen, a gaban shaidu.

Da bazarar da ta biyo baya ya koma ƙauye lokacin sassabe. Ƙaramin ɗan Auta, yaro ɗan shekara 15, ya ba shi wuƙa, suka tsuguna a gaban wani kututturen kalgo mai toho goma sha. Dattijon da ya yi shekara talatin yana rubuta sunayen itatuwa da Faransanci da Latin ya kama reshe zai yanka daga sama, yaron ya riƙe masa hannu ya ce: «A'a Baba, daga ƙasa ake farawa, in ba haka ba ɓawon zai yage.» Ya gyara riƙo, ya yanka yadda aka nuna masa, suka matsa zuwa na gaba.

Allah ya jiƙan Auta da sauran manoman da suka rena abin da ba su da tabbacin za a bar musu, ya ba da damana mai albarka.